Fiyano Mai Tsada Ko Hannun Gwani: Ina Makaɗi Zai Zuba Kuɗinsa?

Duk wanda ya taɓa zama cikin makaɗan fiyano ya ji wannan gardama. Wani ya ce in dai ba manyan fiyano masu tsada irin Genos ko Pa5X ka riƙe ba, to ba ka fara kiɗa ba tukuna. Wani kuma ya ce a miƙa wa gwani ko fiyanon yara ne, sai ya tashi ƙawayen amarya tsaye. A majalisa gardamar tana da daɗin ji. Amma ga matashin da ya daɗe yana tari don ya mallaki kayan aikinsa, maganar ta wuce hira. Kuɗin nan sau ɗaya zai kashe su, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi.

Ra'ayina a fili yake: hannu da kunne su ne gaba, kuma da tazara mai yawa. Sai dai ba na tare da masu cewa kowane fiyano ɗaya ne. Akwai wani mataki wanda in fiyano bai kai shi ba, zai ɗaure wa gwani hannu, musamman mai kiɗan Hausa. Daga wannan mataki zuwa sama kuwa, duk abin da ka ƙara biya, kaɗan ne daga cikinsa yake isa kunnen mai saurare. Aikin mai saye shi ne ya gane inda matakin yake.

Fiyanon da nake magana a kansa shi ne mai raka kansa da kiɗa, wanda masu sayarwa ke kira arenja, irin jerin PSR da Tyros da Genos na Yamaha, da Pa na Korg, da wasu na Roland, Casio da Ketron. An raba maɓallansa gida biyu. A fiyanon Yamaha mai maɓallai 61, guda 19 na farko daga hagu su ne na ba da umarni, in ba ka canja iyakar da kanka ba. A nan hannun hagu yake danna kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake haɗawa lokaci guda, sai na'urar ta karanta ta juya dukan rakiyar zuwa wannan kod ɗin. Rakiyar ita ce ake kira sitayil, kuma a tsarin Yamaha layi takwas ce: ganguna biyu, bes ɗaya (sauti mai kauri na ƙasa), layin kod biyu, shimfiɗa ɗaya mai jan sauti, da layi biyu na ƙawa. Hannun dama kuma yana bin karin waƙa da muryar da aka zaɓa, ko sarewa, ko gita, ko goge.

Wannan tsari shi ne tushen ruɗanin. Wanda ya ɗauki gurmi bai iya ba, bugu ɗaya zai yi a gane. Amma wanda ya shiga shago ya ɗora yatsa ɗaya a kan babban arenja, nan take zai ji makaɗa takwas sun amsa masa, kowa a kan ƙa'ida, sauti tas kamar daga situdiyo. Sai zuciyarsa ta gaya masa ai abin da ya rage masa ke nan, ya samu wannan na'ura. Abin da ya ji kuwa aikin wasu ƙwararru ne da kamfani ya biya suka shirya shi tun a masana'anta. Na'urar tana rufa wa mai rauni asiri na 'yan mintuna, har zuwa lokacin da mawaƙi mai rai ya tsaya a gefensa.

Abin da kuɗi ke saya

Bai kamata a raina shi ba. Ɗauki yawan sautin da fiyano ke iya fitarwa lokaci guda. PSR-E373 yana ɗaukar 48, E473 kuma 64, SX600 da SX700 da SX900 suna ɗaukar 128, haka Korg Pa700 da Pa1000. Genos na 2017 ya kai 256, Genos2 da ya fito a ƙarshen 2023 ya kai 384. Mutum zai ce yatsu goma gare ni, me zan yi da 128? Ka tuna layukan nan takwas daga rumbu ɗaya suke ci tare da hannunka, kuma murya ɗaya mai kauri takan cinye sauti biyu ko fiye a kowane maɓalli. In rumbun ya cika, na'urar takan yanke tsofaffin sautuka don ta ba sababbi wuri. A ƙaramin fiyano, in ka haɗa muryoyi biyu a dama ka kuma taka fedal ɗin da ke riƙe sauti, za ka iya jin shimfiɗar tana ɓacewa a tsakiyar amshi. Wannan ba laifin makaɗi ba ne.

Sai ingancin muryoyin. Tun daga Tyros2 a 2005 Yamaha ta shigo da muryoyin da ta kira Super Articulation, waɗanda ke sa ka ji zamewar yatsa a kan tsirkiyar gita da hucin mai busa, gwargwadon yadda ka haɗa maɓallai. Manyan na'urori irin Genos da Pa1000 da Pa4X suna kuma jin ƙarin nauyin yatsa bayan an riga an danna maɓalli, abin da ke ba ka damar girgiza sauti ba tare da ka ɗaga hannun hagu ba. SX900 da Pa1000 suna iya yi wa muryar mawaƙi amshi da kansu ta makirfo. SX900 yana da ƙarin ƙofofin fitar da sauti, ta yadda za a ware ganguna ko bes a ba su layinsu daban a mikisa. Duk waɗannan abubuwa ne na gaske, kuma a hannun wanda ya san amfaninsu suna ƙara wa aiki kyau.

Farashin kuwa a 2024 kamar haka yake a kasuwar Amurka, a ƙiyasce: E473 bai kai dala 500 ba, SX600 wajen dala 1,000, SX900 ya ɗan haura dala 2,000, Genos2 kuma ya zarce dala 5,000. Kuma Genos ba shi da sifika a jikinsa, haka Pa5X na 2022, sai ka sayi nasu daban. Kuɗin Genos2 ɗaya ya sayi SX600 guda biyar. Ban yarda akwai kunnen da zai ce daɗinsa ya ninka sau biyar ba.

Abin da ba a sayarwa a shago

Mu je gidan biki. Mawaƙi yana tsakiyar baiti, sai ga Hajiya uwar ango ta taso da bandir ɗin kuɗi za ta yi liƙi. Nan take mawaƙin ya saki baitin ya koma kirari, yana jero sunan kakanninta, ba ya bin awo, ba ya bin amshi. Ba a shirya wannan ba, kuma babu sitayil ɗin da ya san da zuwan Hajiya. Gwani da ya hango ta taso ya riga ya kai yatsa kan maɓallan layuka. Ya kashe ƙawa, ya kashe shimfiɗa, ya bar ganga da bes kaɗai suna tafiya ƙasa-ƙasa don kowace kalma ta fita. Idonsa na kan bakin mawaƙi. Da ya ga ya ja dogon numfashi zai koma amshi, sai ya danna cikon ganga, wato ɗan gajeren bugun da ke share wa amshi hanya, a bugu na ƙarshe, komai ya dawo tare da 'yan amshi a kan gaɓa ɗaya, wuri ya ɗauki guɗa. Wanda bai ƙware ba, ko Genos2 ne a gabansa, zai bar makaɗan nan takwas suna ta aikinsu a kan kirarin, Hajiya ba ta ji sunan mahaifinta ba, mawaƙi yana waiwaye yana cewa, "Malam, rage mana." In ya zo danna cikon kuma ya makara da rabin bugu, amshi ya shigo a karkace.

Canjin kod ma haka. Na'urar ba ta san gaibu ba, sai ta ji abin da ka danna sannan ta juya. In hannun hagu ya sauka bayan bugu, bes zai fara da tsohon sauti sannan ya yi tsalle zuwa sabo, kuma mai saurare zai ji wani ɗan tuntuɓe ko da bai san sunansa ba. Ƙwararru sukan saukar da kod ɗin gab da bugun, da ɗan ƙiris. Wannan horo ne na watanni da ake yi da kiɗa a hankali, kuma iri ɗaya ne a fiyanon dala 200 da na dala 5,000.

Inda na fi gane gwani shi ne hannun dama. Muryar sarewa a fiyano ba ta gajiya, za ka iya riƙe ta minti biyar. Amma mai busa sarewa mutum ne, yana tsayawa ya shaƙi iska, kuma ba ya busa sauti biyu lokaci guda. Makaɗin da ya taɓa zama ya saurari Bafulatani yana busa zai riƙa ɗaga yatsa a inda numfashi ya kamata ya ƙare, sai ka ji sarewar ta zama mai rai. Algaita akasin haka ce: mai busa ta yana cika kumatu ya riƙa shaƙar iska ta hanci yana ci gaba da busa, sautin ba ya yankewa, don haka in ka yi mata tsaye-tsaye irin na sarewa ka ɓata ta. Goge ba shi da matakai kamar maɓallan fiyano, yatsa zamewa yake daga sauti zuwa sauti, dole sai da ɗan gargaren lanƙwasa sauti da ke gefen hagu. Kalangu kuma magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshe, har mai ji ya gane taken da ake faɗa. Wanda bai san wannan ba zai sa kalangu a fiyano ya zama ƙwanƙwasa kawai. Mafi tsadar murya a duniya, in aka buga ta da yatsun da ba su san asalin abin kiɗan ba, sautin roba take bayarwa.

Akwai kuma sanin abin da za a cire. Yawancin sitayil ɗin masana'anta an gina su ne don waƙoƙin da ke yawo a kan kod huɗu ko fiye. Waƙar Hausa sau da yawa a kan sautuka biyar take tafiya, takan daɗe a kan kod ɗaya ko biyu, nauyinta yana kan kalma da kari da ganga. In ka sake mata layi takwas gaba ɗaya, sai gita da shimfiɗa su riƙa cusa sautukan da ba sa cikin waƙar, su danne muryar mawaƙi. Sau da yawa layi uku sun wadatar. Kunne ne ke yanke wannan hukunci.

Ga mai neman shaida, ba sai ya yi nisa ba. A Yamai, Mamman Sani Abdoulaye ya samu wani ogan na Italiya ƙirar Orla, mai ɗan akwatin ganga a jikinsa, ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a 1978. An yi shekaru ana jin kiɗan a rediyo da talabijin na Nijar a tsakanin shirye-shirye, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifai, ya kai ga masu saurare a Turai da Amurka. Na'urar da ya yi aikin da ita, in aka ajiye ta kusa da E373, ba ta kai shi komai ba. A Yamai ɗin dai, Hama, wanda tuƙi ne sana'arsa, ya yi suna da wani tsohon Yamaha PSR-64. Kiɗansa ya yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin wancan kamfani ya buga shi a 2015. A Jamaika ma, a 1985, wani ɗan ƙaramin Casio MT-40 ne ya ba da kiɗan da ya juya akalar rege zuwa na'ura, bayan da aka kai shi situdiyon King Jammy aka rage masa sauri aka ɗora murya. Dubban mutane sun mallaki irin wannan Casio a lokacin. Kaɗan ne suka ji abin da ke cikinsa.

Sai dai adalci ya sa a ƙara da cewa Hama bai dawwama a kan PSR-64 ba, daga baya ya koma haɗa kiɗa da kwamfuta. Gwani ma yakan kai inda kayan aiki suka yi masa kaɗan.

Matakin da nake nufi

Ga inda na rabu da masu cewa kowane fiyano ya isa. E373 yana zuwa da sitayil 205, E473 da 290, SX600 da 415, Genos2 da 800. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar da tango da samba da polka, da kiɗan Larabawa da na Indiya. Ba za ka tarar da kiɗan kalangun 'yan mata ba, ko na bandiri, ko na ƙwarya. Tun shekarun 1990 da situdiyoyin Kano suka rungumi jerin PSR don waƙoƙin fim, makaɗanmu dabara suke yi: a nemi gangar waje mai kama da tamu, a nemi busar da ta yi kusa da sarewa, a tsara bugun da hannu. Don haka ga mai kiɗan Hausa, yawan sitayil ɗin da aka rubuta a kwali ba shi ne abin dubawa ba. Tambayar ita ce, shin na'urar za ta bar ni in gina nawa?

A Yamaha, wannan dama tana farawa ne daga SX600, ko S670 a cikin tsofaffi, inda ake samun sashen da ake kira Style Creator. A nan kake ɗaukar ganga layi-layi, ka ɗora bes ɗinka, ka shirya sauyi huɗu, wato salo huɗu na rakiyar, da ciko huɗu yadda waƙarka take so. Jerin E yana karɓar sitayil ɗin da wani ya shirya, amma ba a gina cikakke a cikinsa, kuma sauyi biyu kawai gare shi. Abu na biyu shi ne ma'ajiyar sautin waje, inda za ka zuba kalangu ko kotso ko shantu na gaske da aka ɗauka da makirfo. SX600 yana da megabait 100, SX700 yana da 400, SX900 kuma gigabait 1. Sautin ganga gajere ne ba ya cin wuri, megabait 100 sun ishi gangunan Hausa da yawa. Yamaha tana bukatar kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager kafin a shirya sautukan, Korg Pa700 kuwa ana iya gyara su a jikinsa. Na uku shi ne gargaren lanƙwasa sauti, wanda E373 ba shi da shi sam, E473 yana da shi. Na huɗu, maɓallan ajiye shiri, waɗanda da dannawa ɗaya za su dawo maka da sitayil da murya da sauri da tsayin waƙa. A wurin biki ba a jiran makaɗi ya gama lalube.

Fiyanon da ya haɗa waɗannan huɗu ya kai matakin. A nan ne maganar nan ta araha ba ta ado take da gaskiya, domin wanda ke kiɗa don neman abinci ya sayi abin da bai kai nan ba, zai sake sayen wani ba da daɗewa ba.

Amma ko a nan, dubi yadda maganar ta sake komawa kan mutum. Style Creator ba ya kiɗa, fili ne kawai aka ba ka. Yau ana yawo da sitayil a filasha da WhatsApp, wannan ya tura wa wancan, har ka ji waƙoƙi goma na mawaƙa daban-daban a kan bugu ɗaya da bes ɗaya. Ba laifi ba ne a fara da na wani don a ga yadda ya gina shi, hanyar koyo ce mai kyau. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da mawaƙi ya zo da waƙar da awonta bai hau kan abin da ke filasharka ba, ranar za a san ko kai makaɗi ne. Wanda ya zauna da tsohon makaɗin kalangu ya koyi inda hannu ke sauka da inda gula ke sauka, shi ne zai gina sitayil ɗin da wasu za su zo nema.

To, a ce mutum biyu ne, kuɗinsu ɗaya, kowa ya isa sayen SX900 ko Pa1000. Na farko ya juye duka a kan fiyanon. Na biyu ya sayi SX600, ko S770 na hannu mai lafiya, ragowar ya raba: sifika mai kyau, sitabilaiza, jaka mai kauri, fedal, da kuɗin malamin da zai riƙa zama da shi duk mako. Ranar farko na farkon ne zai burge. Bayan shekara, in duka biyun masu himma ne, ni dai na biyun zan kira aiki. Yana jin kuskurensa domin akwai mai nuna masa, sautinsa yana fita da kyau a fili, kuma ya san na'urarsa ciki da bai saboda ba ta fi ƙarfinsa ba. In kuwa na farkon tun asali ƙwararre ne mai shekaru a sana'a, yana da sifikunsa, to lissafin ya juya, sayen babban shi ne daidai, domin shi zai taɓa kowane lungu na abin da ya biya.

Maganar sifika ta cancanci a tsaya a kanta. Duk ƙananan abubuwan nan da ake biyan miliyoyi dominsu, hucin busa da zamewar tsirkiya, a ɗaki mai shiru ake jin su ko a na'urar kunne. A filin biki, sauti yana bi ta mikisar haya, ya shiga sifikun da aka ƙure har suna kakari, ga janareto yana ruri a baya, ga hayaniyar jama'a. Abin da ke tsira daga wannan duka shi ne bugu da bes da karin waƙa. Sau da yawa ma waya ɗaya ake jonawa, sautin da aka tsara don kunne biyu ya dunƙule wuri guda. Matsakaicin fiyano a kan sifika mai kyau ya fi babban fiyano a kan mai kakari, kowa zai iya gwada wannan ya ji.

Wa ya kamata ya sayi me? Mai koyo, namiji ko mace, ya nemi abin da ke jin nauyin yatsa, wato in ka danna a hankali ya yi laushi, in ka buga ya yi ƙarfi. E373 da E473 da Casio CT-X duk suna da wannan. E373 da E473 suna kuma aiki da batir shida, abin da ke da muhimmanci a inda wuta ba ta zama, domin koyo kullum yake so. Ya kuma yi hattara da abu biyu masu saurin zama jiki: danna kod da yatsa ɗaya, da jingina a kan maɓallin Transpose mai ɗaga tsayin sauti ko sauke shi. Baƙaƙen maɓallai biyar suna ba da sautuka biyar ɗin da waƙoƙinmu da yawa ke bi, shi ya sa mai koyo kan maƙale a kansu ya riƙa matsar da tsayi da maɓalli. Yana fitar da mutum kunya, amma in mawaƙi ya ɗaga murya a tsakiyar waƙa, hannu ne ya kamata ya bi shi.

Mai kiɗan biki da majalisi, da mai raka sha'irai, da mai kiɗa a coci inda ake waƙa da Hausa, duk aikinsu a gaban jama'a ne kuma ba a ba su damar maimaitawa. Su ne ke bukatar matakin nan da na faɗa, ba ƙasa da shi ba. Su duba nauyi kuma: SX600 kilo 8 ne da ɗoriya, SX900 kilo 11 da rabi, Genos kilo 13 ga tsawon maɓallai 76, kuma duk a bayan babur ko cikin adaidaita za a ɗauka. Mai situdiyo shi ne ya fi kowa rashin bukatar babban arenja a yau. In yana aiki da manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase, muryoyin suna cikin kwamfuta, fiyano maɓallai kawai yake bayarwa ta wayar USB. Kuɗinsa sun fi amfani a makirfo da sifikun sauraro da gyaran ɗaki.

Tsakanin Yamaha da Korg ba zan ja dogon zance ba, kowanne yana aiki. Ka dubi abin da malaminka da abokan sana'arka ke riƙe da shi, da wanda mai gyara na garinku ya saba buɗewa, domin sitayil ɗin wannan ba ya shiga wancan kai tsaye sai an sake masa aiki. Mai son kiɗan Larabawa ne kaɗai ke da wata bukata ta daban, ta sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, shi sai ya nemi irin PSR-A3000 ko A5000, ko Pa da aka yi don Gabas ta Tsakiya.

Yaushe ne canja fiyano ya zama dole? Lokacin da za ka iya faɗin abin da ya gaza da sunansa. "Ma'ajiyata ta cika, ba inda zan sa sabon kotso." "Sauti yana yankewa in na haɗa murya uku." "Ina son in ware bes a mikisa." Wannan bukata ce ta gaske, in da hali a biya ta. Amma in abin da kake ji shi ne kiɗanka ba ya daɗi kawai, ba ka san dalili ba, ka yi wannan gwaji kafin ka taɓa aljihu: ka kai fiyanonka wurin wanda ka san ya fi ka, ka ce, "Yaya, don Allah ɗan taɓa min in ji." Ka koma gefe ka saurara. In ya yi daɗi a hannunsa, ka samu amsarka.

In kuma na hannu za ka saya, a Sabon Gari ne ko Alaba ko wurin wani makaɗi, kar ka yarda a gwada maka da waƙar da ke cikin na'urar. Ka danna maɓallai 61 ɗin nan ɗaya-ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Wanda ya yi tsawa alhali a hankali ka taɓa shi, ko ya yi shiru, robar ƙarƙashinsa ta ci ƙura ko ta gaji, kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa fiyanon da ba a rufewa. Ka ja gargaren lanƙwasa sauti ka saki, ka tabbata sautin ya koma daidai inda yake. Ka gwada maɓallan ciko da na sauyi da na ajiye shiri, su ne suka fi shan duka a hannun mai biki. Ka sa filasharka ka ga ya karanta, ka ajiye wani abu, ka kashe, ka kunna, ka ga yana nan. In allon na shafawa ne, ka taɓa kusurwoyinsa huɗu. Ka jona shi da sifikar waje ta kowace ƙofa, kana motsa wayar ko za ka ji ƙara. Ka bar shi a kunne kamar rabin awa, domin wasu matsalolin sai ya ɗumama suke fitowa. Sannan ka dubi adaftar, ka tabbata ta asali ce kuma ƙarfinta ya dace da abin da aka rubuta a bayan fiyanon, kuma kar ka jona shi da janareto sai ta sitabilaiza.